Sunan 'Yar Fari a Ranar Godiya

Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa mutane suke ɗauka ba na riƙe abu. Ina riƙewa. Akwai wata mata, ta rasu da daɗewa, ita ce ta kama hannuna ta koya mini zana baƙaƙen nan da nake rubutu da su, amma har yau in aka ambace ta sai in tashi in nemi abin yi a madafi. An koya mana yafiya, na kuma sha faɗa a cikin addu'a cewa na yafe mata. Allah ya san inda maganar ta tsaya.

Gidan mijina yana wani ɗan ƙauye a gefen Yalwa, ƙasar Rano, inda in kana bakin gona kana hangen duwatsu. Mu Hausawa ne da iyayenmu ba su yi salla ba, waɗanda ake kira Maguzawa. A shekarun da ake ta zancen Turawa za su tafi su bar mana ƙasa, gidaje kaɗan a cikinmu suka karɓi bishara, aka shiga ce mana masu bi. Maigidana yana cikin na farko. Ni da fari shi na bi, daga baya na bi don kaina. Uwarsa kuwa, surukata, cewa ta yi ta tsufa da sauya hanya, kuma ba ta ga dalilin da za a tara mutane a ɗaki a yi ta ɗaga wa Allah murya ba, sai ka ce kurma ne.

Aka gina majami'a ta laka da jinkar ciyawa, aka rataye guntun ƙarfe a reshen ɗorawa ana bugawa ran Lahadi. Aka aiko mana malamin bishara da matarsa, mutanen can kudu ne, Hausarsu ta kasuwa. Malamin mutum ne mai sanyi. Matar, wadda muke kira Malama, ita ce mai ƙarfin gidan. Ba ta da ƙiwuya, wannan ba zan hana ta ba. Ita ta samo littattafan yaƙi da jahilci, ta zaunar da mu mata a gindin ɗorawa bayan an tashi daga sujada. Amma ba ta taɓa tambayarmu dalilin wani abu namu ba. Duk abin da ta tarar ba ta gane ba, sunansa duhu. Tsagar fuskarmu duhu, durƙusa wa surukai duhu, har kitsonmu sai da ta sa masa ido.

Ina da 'ya'ya a lokacin, amma maganar nan ta 'yar fari ce. Yaran yanzu in an gaya musu sai su yi dariya. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. In dole ta kama sai in ce "waccan" ko "'yar tsohuwa". Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yabonta, in ta faɗi wata ce take tashinta. Da aka yaye ta surukata ta ɗauke ta riƙo, ta zama tata. Ba ƙwace aka yi mini ba, ni ma a ɗakin kakata na tashi. Kuma ɗakin tsohuwa yana kallon nawa, tsakar gida ɗaya. Ina daka ina ganinta ta gefen ido tana korar kaji, ina jin dariyarta in tsohuwa tana tsokanarta. In na yi ɗanwake sai in cika ƙwarya fiye da cin tsohuwa ɗaya in aika, kowa ya san dalili, ba mai cewa komai. Ganin nan shi ne duk abin da nake da shi a kanta, kuma ya ishe ni.

Wata bazara baƙon dauro ya shigo ƙauyen. Bai zaɓi gida ba, masu bi da masu salla duk ya shiga. Maƙwabciyata ta bayan danga, wadda muke zama kusa da juna a majami'a, an binne mata 'ya'ya biyu. Sai ya kama 'yar tsohuwa. Jiki ya yi zafi kamar tukunya a murhu, ƙuraje suka feso, idanu suka liƙe. Tsohuwa ta saki asabari ta zauna da ita. Ita take jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana goge mata ido, ita take ɗura mata kunun tsamiya da ɗan ludayi. Ni ba ni da hurumin zama a can, sai in ƙirƙiri dalili. In je ɗiban wuta alhali murhuna yana ci, in je aron maburgi alhali nawa yana rataye. In leƙa in fito. Tsohuwa ta san abin da nake yi, takan ɗan kauce daga bakin gado don in gani.

Malama ta zo da mata za su yi addu'a a ɗakin. Tsohuwa ta tare ƙofa.

"Ina za ku?"

"Mun zo mu roƙa wa yarinya lafiya, Iya."

"Ku roƙa daga can. Ai kun ce yana ko'ina."

Suka tsaya a tsakar gida suka yi. Ni ma na yi tawa a bayan rumbu, ba murya. A kwanakin ne kuma na ga jan zakaran tsohuwa ya ɓace, ban tambaya ba. Yarinya ta tashi. Ta rame har wuyanta kamar sillen kara, amma idanunta sun buɗe duka biyun. Ni na san Allah ne ya tashe ta, ban taɓa shakka ba.

Damina ta yi kyau, kaka ta zo. A majami'a akwai ranar godiya bayan an gama yankan dawa. Kowa ya kawo daga abin da Allah ya ba shi, damin dawa ko na gero, gyaɗa, kabewa, wani ma kaza, a tara a gaba. A yi waƙa da tafi, sannan mai abin faɗa ya miƙe ya faɗi alherin da aka yi masa a shekarar. Ina son ranar nan. Na riga na ware dami mafi kyau daga gayaunata, na kuma san don me na ware shi.

Ana saura 'yan kwanaki Malama ta same ni ina sussuka. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa.

Ta ce, "'Yar'uwa, bana ke za ki fara ba da shaida."

"Ni, Malama? Ai ban iya magana a taro ba."

"Za ki iya. Ki miƙe, ki kira yarinyar da sunanta, ki ce ga 'yata da Ubangiji ya fisge daga bakin kabari."

"Zan kawo dami. Zan ce na gode."

"Kin gode da me? Da kabewa?"

"Malama, ta fari ce."

"To?"

"Ba a faɗa."

"Wa ya hana?"

Ba wanda ya hana, kamar yadda ba wanda ya taɓa tsayawa ya hana ni fita kasuwa ba zane.

Ta dangwarar da moɗa. "Kin ga irin abin da nake faɗa. Ƙafa ɗaya a haske, ɗaya a duhu. Allah ya ba ki 'ya sau biyu, ke kina kunyar ki ce taki ce. Kunyar wa? Tsohuwa mai yanka zakara? Godiyar nan da kike ɓoyewa, sata kike yi wa Allah."

Tsohuwa tana bakin ɗakinta tana kaɗi, ta ji komai. Ta bari sai da Malama ta fita.

"Ke, zo nan."

Na je na durƙusa.

"Me mai bakin ganga take so?"

Na gaya mata, ko da yake ta ji.

Ta ce, "Baƙon nan ya shigo ɗakina, ya dube ta, ya wuce bai tafi da ita ba. Yanzu za ku buga ƙarfe ku tara gari ku kira masa sunanta, ko ya manta? A gaban matar da aka binne wa biyu? Da wane ido kike so ta dube ta?"

"Inna, ni ban ce zan faɗa ba."

"Wai kuma 'yarki. Yaushe ta zama 'yarki? Da idonta ya liƙe ke kika buɗe shi?" Ta murza mazari a cinya. "Ki ji da kyau. Ranar da aka kira sunan yarinyar nan a ɗakin waƙarku, ni da ita mun bar gidan nan. Ina da ɗan'uwa a Fammar, ƙofarsa ba a rufe take ba. Ku sai ku yi ta tafinku."

Na kai wa Maigida maganar yana gyaran jinkar rumbu. Lokacin ana zancen za a sa shi cikin dattawan ikilisiya, ba ya son abin da zai ɓata shi da gidan malami.

Ya ce, "Inna faɗa kawai take yi. Ina za ta da tsufanta?"

"Ka yi wa Malam magana ya ja wa matarsa kunne."

"In ce masa me? Matata tana kunyar gode wa Allah?"

"Ka ce masa ta fari ce."

"Ke dai ki yi yadda za a zauna lafiya."

Ya juya ga igiyarsa. Shi ma fa bai taɓa kiran sunanta ba, amma shi ba wanda ya ce ya miƙe.

Na yi ta juya abin har na samo hanyar da nake gani za ta fid da kowa. Zan miƙe, zan gode da murya, ba ɓoyo. Sunan ne kawai zan bari a inda yake.

Ran godiya aka buga ƙarfe da hantsi. Ɗakin ya cika har waje, wasu maƙwabtanmu masu salla sun tsaya daga nesa suna kallon kayan da ake shiga da su. Yarinyar ta biyo ƙannenta, yadda yara suke yi in sun ji waƙa, tana zaune a ƙasa can gaba cikin sa'o'inta. Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Malam ya ce mai shaida ya miƙe, Malama ta kafe ni da ido. Na ɗauki damina na kai gaba.

Na ce, "Na gode wa Allah. Baƙo ya shiga gidanmu bana, ya kwantar da 'yar tsohuwa, Allah ya tashe ta da idonta biyu. Yabo ya tabbata gare shi."

Matanmu suka ce amin a hankali. Sun gane. Har maƙwabciyata mai rashi ta ce amin, kanta a ƙasa. Na juya zan zauna.

"Wace 'yar tsohuwa?"

Malama ce, daga inda take zaune.

"Tsofaffi suna da yawa a garin nan, 'yar'uwa. Wace ce?"

Wata dattijuwa ta ce, "Malama, bar ta, an ji." Ba ta bari ba. Ta tashi, ta tsallake ƙafafun yara, ta kamo yarinyar ta tsayar da ita a gefena, ta ɗaga hannunta sama. Ta kira sunan. Ta sake kira da ƙarfi, yadda ake cigiyar akuya.

"Ga ta nan! 'Yar wannan ce, ita ta haife ta, ta fari! Tun da uwar ba ta da baki, ni ina da shi. Ku yabi Ubangiji!"

Ta fara tafi. Yara suka kama, don yara ba su san komai ba, maza kaɗan suka bi. Matanmu hannuwansu suna kan cinya. Maƙwabciyata ta tashi ta fita. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ni kuma na dubi damin dawa. Ban taɓa tsayawa kusa da ita haka a gaban mutane ba, har ina jin ɗumin kafaɗarta ta cikin zanena.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Washegari da sassafe na fito na tarar ta ɗaure ƙullinta, ta sa wa awakinta igiya, yarinyar tana ɗauke da naɗaɗɗiyar tabarma a ka. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, ba ni na faɗa ba. Ki tambayi kowa."

"Na ce ranar da kika faɗa? Cewa na yi ranar da aka faɗa."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ke ce mai haƙuri, sai ki yi."

Maigida ya bi ta har bakin rafi yana ba ta baki, ya dawo shi kaɗai. Ba zai iya ƙwace riƙo daga hannun uwarsa ba. Ya ce rani kawai za ta yi a can ta huce. Ni ko rakiya ban yi ba, don uwa ba ta raka 'yar fari ido yana gani. Na tsaya a bayan rumbu ina leƙe ta tsakanin karan danga har suka shige cikin gonaki.

Ita ma tsohuwa ban wanke ta ba. Ta san ba ni na faɗa ba, ta san duk zuwan da na yi ɗiban wuta. Amma Malama ba ta da abin da za a ɗauke mata a gidanmu, ni ce nake da shi.

Bayan 'yan kwanaki Malama ta zo. Ta tsaya a tsakar gida tana jiran tabarma. Ina tankaɗe, na ci gaba da tankaɗena.

Ta ce, "Na ji abin da tsohuwa ta yi. Kada ki damu, gwaji ne. Ko a wannan ma sai ki gode."

Na ce, "To."

"Ai gara da aka faɗa. Yanzu Shaiɗan ya ji kunya."

"To, Malama."

Ta ɗan jima a tsaye. Ta dubi tabarmar da ke jingine a bango, ta dube ni. Na ce mata, "A gai da Malam." Ban taɓa yi wa baƙo haka a gidana ba, kafin ita ko bayanta, kuma ban yi nadama ba.

Ban bar majami'a ba. Wasu sun zaci zan bari, har tsohuwa ta sa an tambayo mata ko na bari. Me Allah ya yi mini? Ajin karatu ma ban bari ba, na zauna a gabanta na koyi sauran baƙaƙen, tana kama hannuna ina ƙyale ta. Da ranar godiya ta zagayo na kai damina na ajiye. Malama ta ce, "'Yar'uwa, bana fa?" Na ce, "Da godiya," na zauna. Abin da muke faɗa ke nan tun kafin su zo. A tarar da mace a gona da rana tsaka a ce mata ina aiki, ta ce da godiya, ba ta lissafa wa kowa komai. Haka na riƙa yi kowace kaka har aka sauya su suka koma ƙasarsu.

Tsohuwa ba ta huce ba. Rani ya wuce, damina ta wuce. Na taɓa zuwa Fammar da sunan gaisuwar mutuwa, ina shiga gidan aka aiki yarinyar rijiya, ba ta dawo ba har na tafi. A can ta girma. A can tsohuwa ta rasu, dangin suka ci gaba da riƙonta. Su sun riga sun shiga salla, ita ma ta shiga, ta auri wani manomi na can da take so. Ban ƙi sallarta ba. Abin da nake kuka da shi shekarun nan ne da ya kamata a ce na yi su ina ganinta a tsakar gida ta gefen ido. Ɗanwake ma na daina yi, don hannuna ya saba cika ƙwarya.

Bayan an sami mulkin kai da 'yan shekaru, wata rana na kai daddawa kasuwar Kibiya. Ina zaune sai wata matashiya da goyo ta tsaya a kaina. Ban buƙaci a gaya mini ba. Tafiyar uwata gare ta, ga ɗan tabon baƙon dauro a gefen hanci.

Ta ce, "Sannu, Iya. Ina aiki?"

"Da godiya."

Ta tsuguna tana juya daddawa, ba saye za ta yi ba.

"Tsohuwa ta ce ke kika kai ni ɗakin waƙa aka yi shelar sunana."

"Kina wurin. Wa kika ji ya faɗa?"

"Mai tafin nan." Ta ɗauki wata daddawar. "Amma ba ki hana ta ba."

"In hana ta in ce me? A sakar mini 'yata? Ai abin da take so in faɗa ke nan."

Goyon ya motsa ya fito da kai.

Na ce, "Wannan fa, na wa ne?"

Ta kau da kai wajen masu gishiri. "Ɗan gidanmu ne."

"Yaya sunansa?"

"Ki tambayi waccan." Ta nuna wata da suka zo tare.

Na tambaya aka gaya mini. Ta kwance shi ta miƙo mini, ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Tsakanin kaka da jika babu wannan kunyar, sai na kira sunansa, na sake kira, na yi ta yi masa rawa a cinya har masu daddawa suna dariya. Ita tana tsugune a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa, tana ta juya daddawar nan. Da abokiyar tafiyarta ta ce rana tana yi, ta karɓe shi ta goya. Na zuba mata daddawa a ƙwarya fiye da ta miyar gida ɗaya. Ta ce, "Sai wata kasuwar," ta tafi.

Ba ta zo kasuwar da ta biyo ba, ba ta zo ta bayanta ba. Kasuwar Rano ta fi kusa da mu, ta kuma fi ciniki, amma na ci gaba da kai daddawata Kibiya. Wani lokaci takan zo.